DOGAYE BIYU NA ƘWALLON KWANDO: YADDA HALI YA RABA RUSSELL DA CHAMBERLAIN

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da a ke kira ƙwallon kwando, wanda wani malamin makaranta mai suna James Naismith ya ƙago a 1891, don ya sama wa almajiransa abin motsa jiki a cikin ɗaki lokacin tsananin hunturu. Yau wasan ya zama sana'a, yana da babbar ƙungiya da a ke kira NBA. Ga yadda a ke yinsa a taƙaice, saboda wanda bai taɓa gani ba. Mutum biyar-biyar ne a fili. A kowane gefe akwai zobe mai raga, an kafa shi ƙafa 10 daga ƙasa. In ka jefa ƙwallo ya shiga ka sami maki biyu, ko da ya ke tun 1979 jifa daga nesa maki uku ne. A yi minti 48 ana fafatawa, waɗanda suka fi maki su ne suka ci.

Duk wanda ya ji wannan bayani zai ce ai magana ta ƙare, wanda ya fi tsawo da ƙarfi shi ke da wasa. To, sai a saurari labarin mutum biyu da suka yi shekara goma suna karawa, daga 1959 zuwa 1969, waɗanda har gobe masana wasan ba su gama gardama a kansu ba.

Na farko shi ne Wilt Chamberlain, haifaffen birnin Filadelfiya a 1936. Tsawonsa ƙafa 7 da inci 1, ga ƙarfi, ga gudu, ga tsalle. Ran 2 ga Maris 1962, a garin Hershey, shi kaɗai ya ci maki 100 a wasa guda, abin da ba wanda ya sake yi a NBA har yau. A wannan shekara in aka raba makinsa daidai, kowane wasa ya tashi da 50 da ɗoriya, kuma minti 8 kaɗai ya yi a wajen fili duk shekarar, su ma don alƙalin wasa ne ya kore shi.

Na biyu shi ne Bill Russell, wanda aka haifa a jihar Louisiana a 1934. Chamberlain ya ɗara shi tsawo da inci uku ko huɗu, ya kuma fi shi jifa nesa ba kusa ba, gama in aka duba dukan zamaninsu Russell maki 15 ya ke samu a wasa, Chamberlain kuwa 30. Duk akawun da aka ajiye wa lissafin nan biyu a kan tebur ba zai yi wata-wata ba wajen faɗin wanda ya fi. Amma akwai wani shafi. Russell ya yi shekara 13 a kulob ɗin Boston Celtics, suka ɗauki kofi sau 11, takwas daga ciki a jere, daga 1959 zuwa 1966. Chamberlain ya yi shekara 14, ya ɗauka sau biyu. Sau takwas kulob-kulob ɗinsu suka haɗu a wasannin ƙarshen shekara, inda wanda aka kayar ya ke komawa gida, Boston ta ci bakwai.

In an ce hali ne ya kawo wannan, kada mai karatu ya ɗauka ana nufin fara'a da iya gaisuwa. In wannan ne, ai Chamberlain ya fi. Mutum ne mai raha da son jama'a, har ya kan kai Russell gidan iyayensa a Filadelfiya su ci abinci tare, sa'an nan su fita fili su yi ta gwabzawa. Russell kuwa mutum ne mai wuyar sha'ani. Ba ya yarda ya sa wa masu kallo hannu a takarda, ba ya kuma lallashin 'yan jarida. Yana da dalilinsa. Baƙar fata ne a zamanin da wariya ta ke da ƙarfi. A 1961, a garin Lexington, shi da 'yan uwansa baƙaƙe suka ƙi yin wasa saboda an hana wasunsu abinci a masauki. An taɓa fasa gidansa a garin Reading, kusa da Boston, aka farfasa kofunansa, aka yi masa ƙazanta a gado. Don haka ba ya ɓoye cewa kulob ɗinsa ya ke yi wa wasa, ba birnin ba.

Halin da ya raba su shi ne abin da kowannensu ya ɗauka shi ne riba. Dubi yadda Russell ke tare jifa. Galibin dogayen 'yan wasa in sun sami ƙwallon abokin gaba a sama sai su maka shi cikin taron jama'a, a yi ta tafi da sowa. To, amma ƙwallon da ka fitar waje, abokan gaba a ke mayar wa. Russell sai ya taɓa shi a hankali da 'yan yatsu, ya karkata shi wajen ɗan uwansa, kafin abokan gaba su juya an kai musu hari an zuba maki biyu, aka rubuta wa wani. Abin mamaki kuma, a zamaninsa ko ƙidaya tare jifa ba a yi, sai a 1973 aka fara, bayan ya bari. Watau aikin da ya fi gwaninta a kai ba shi da gurbi a littafin lissafi, bai kuwa damu ba. Abin da ya dame shi a ci shi. Sananne ne cewa kafin babban wasa ya kan yi amai saboda zullumi, har abokan wasansa in sun ji shi yana yi sai hankalinsu ya kwanta, su ce yau mutumin ya shirya.

Chamberlain kuwa kunnensa na ga bakin mutane. Da aka yi ta cewa ba abin da ya iya sai jifa, sai ya ɗaura ɗamarar miƙa wa abokan wasa su jefa, har a shekarar wasa ta 1967 zuwa 1968 ya fi kowa yawan miƙawa, sau 702. Wannan gwaninta ce, ba shakka, amma amsa ce ga masu suka. Haka kuma dokar wasan ta ce wanda ya yi laifi shida a fitad da shi. Chamberlain ya yi wasa 1,045 ba a taɓa fitad da shi ta wannan hanya ba, yana kuwa alfahari da haka. Masu sukarsa suka ce in ya kai laifi biyar sai ya sassauta tsaro don kada tarihin ya ɓaci.

Abin da ya fi bayyana halinsa shi ne jifan diyya, watau jifan da a ke ba wanda aka yi wa laifi, ya tsaya shi kaɗai ƙafa 15 daga allon kwando ba mai tare shi. A nan ne ƙaton ya ke da rauni, cikin goma biyar kaɗai ya kan ci. Akwai wata dabara ta jefawa da hannu biyu daga ƙasa, tsakanin gwiwoyi. Da ita ya yi aiki a daren maki 100, ya ci 28 cikin 32. Sa'an nan ya watsar da ita, ya kuma faɗa da kansa a littafin tarihin rayuwarsa cewa kunya ta ke ba shi a gaban jama'a. Wani ɗan wasa mai suna Rick Barry bai ji wannan kunya ba, ya riƙe dabarar har ya bar wasa, yana cin kusan tara cikin goma. Malamai sun san irin wannan yaro a aji, mai ƙwaƙwalwa, wanda ya gwammace ya faɗi da a yi masa dariya.

Su kansu 'yan wasan sun yanke nasu hukunci. A 1962, shekarar maki 100, su ne ke zaɓen gwanin shekara, suka zaɓi Russell. Kafin nan ma, ran 24 ga Nuwamba 1960, Chamberlain ya cafe ƙwallon da ya kuskure kwando sau 55 a kan Russell, abin da ba a taɓa yi ba, ba a kuma sake ba, duk da haka Boston ta ci wasan da 132 da 129.

Amma fa a yi adalci. Russell ya shekara goma a hannun mai horo guda, Red Auerbach, ga gwanaye irin su Bob Cousy da Sam Jones da John Havlicek a gefensa. Chamberlain ya yi ta sauya masu horo da abokan wasa. Sau huɗu karawarsu ta kai wasa na bakwai, wanda shi ne raba gardama, a 1962 da 1965 da 1968 da 1969, kuma in aka tara ratar da Boston ta ba da duka, maki tara ne kacal. Da ƙwallo biyu ko uku sun faɗa wani wajen, da wani labari a ke yi yau.

Ko da ya ke Hausawa sun ce hali zanen dutse, na Chamberlain ya lanƙwasu sau biyu, kuma a ganina nan hujja ta fi ƙarfi. A 1967 mai horo Alex Hannum, wanda ba ya shakkarsa, ya sa shi ya rage jifa ya ƙara tsaro. Makinsa ya sauko zuwa 24, kulob ɗin Filadelfiya ya ci wasa 68 cikin 81, ya kayar da Boston huɗu da ɗaya, ya ɗauki kofi. A 1972 kuma, a kulob ɗin Lakers na Los Angeles, Bill Sharman, tsohon abokin wasan Russell, ya ɗora shi a kan irin aikin Russell. Makinsa bai kai 15 ba, suka ci wasa 33 a jere, suka ɗauki kofi. Duk kofunansa biyu ya same su ne a shekarun da bai kai rabin makin 1962 ba.

Kada kuma a zaci Russell ba shi da girman kai. A 1965 da ya ji an yanka wa Chamberlain albashin dala 100,000, sai ya tsaya sai da aka ba shi 100,001.

Karonsu na ƙarshe ya zo a 1969. Russell na da shekara 35, shi ne ɗan wasa shi ne kuma mai horo tun 1966, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA. Wasa na bakwai a Los Angeles aka yi shi, mai kulob ɗin Lakers har ya sa an rataye balan-balan a rufin ɗakin wasa don bikin nasara. Saura kamar minti biyar Chamberlain ya ji ciwo a gwiwa ya fita. Da ya ɗan huta ya nemi komawa, mai horonsa Butch van Breda Kolff, wanda suka shekara ba sa ga maciji, ya ƙi. Boston ta ci da 108 da 106. Bayan haka Russell ya faɗa a bainar jama'a cewa irin wannan ciwo bai isa ya fitad da mutum daga irin wannan wasa ba. Maganar ta yi wa Chamberlain zafi ƙwarai, suka yi fiye da shekara 20 ba sa magana, sai da Russell ya nemi gafararsa suka shirya. Chamberlain ya rasu a watan Oktoba 1999, Russell na cikin waɗanda suka yi jawabi a taron makokinsa. Shi kuma ya rasu ran 31 ga Yuli 2022, NBA ta ce daga nan ba sabon ɗan wasan da za a sake ba lamba 6, lambar rigarsa.