Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

Galibin masu zuwa sinima babban ɗan wasa kaɗai suke yabo, su mance da waɗanda suka tallafe shi. Fim ɗin Ar-Risala, wanda Mustafa Akkad ya fitar a 1976, ya isa ya gyara wannan kuskure.

Saboda ladabi, ba a nuna surar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma sa masa murya ba. Don haka nauyin labarin duka ya koma wuyan sauran 'yan wasa. Daga fuskokinsu mai kallo ke gane girman wanda suke saurare.

A na Larabci, Abdullahi Gais ya fito a Hamza, wansa Hamdi Gais kuwa a Abu Sufyan: gida ɗaya, runduna biyu. Ali Ahmad Salim, mutumin Libiya, shi ne Bilal da aka danne da dutse. Muna Wasif ta ɗauki rabo mafi ɗaci, wato Hindu. Da ba ta iya nuna ƙiyayya ba, da shahadar Hamza a Uhudu ba ta ratsa zukatan masu kallo haka ba.

Saboda haka, jama'a, wanda ya fito a mugu ya kuma iya, yabo ya cancanta, ba zagi ba.