Yini Guda a Kan Murjanin Bahar Maliya

A kudancin Sina'i, inda Bahar Maliya ta rabu biyu, akwai Ras Muhammad, wurin da hukumar Masar ta keɓe tun 1983 domin kiyaye murjaninsa. Da hantsi jiragen ruwa kan tashi daga Sharm al-Shaikh, su yini har la'asar. Jagora ya ba kowa tabarau da bututun numfashi, mutum ya kwanta rub-da-ciki bisa ruwa, yana duban ikon Allah a ƙarƙashinsa. Murjanin kuwa, ko da yake kamar dutse yake, ƙananan halittu masu rai ne suka gina shi cikin shekaru masu yawa, saboda haka aka haramta taka shi. Wanda bai iya iyo ba, lalle ya nemi rigar hana nutsewa.