Malamin Turanci Ma Yana Buƙatar Malami

A shekarar 1932 wani saurayi ya gama Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, aka ba shi aji a makarantar Midil ta Katsina yana koyar da Turanci. Shi ne Abubakar Imam, wanda bayan shekara guda ya rubuta Ruwan Bagaja, daga baya kuma ya yi Magana Jari Ce. Wato mutumin da har yau muke kafa hujja da Hausarsa, malamin Turanci ne na yara sa'o'in 'yan ƙaramar sakandarenmu. Kwalejin da ta horar da shi, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ita ce ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Alhaji Isa Kaita, kuma dukansu sun riƙe alli kafin su riƙe mulki.

Aikin da Imam ya yi yana nan yau a hannun malaman ƙananan sakandare na Dutsin-Ma da Kurfi, kuma nauyinsa ƙaruwa ya yi. Yaro ya fito daga firamaren ƙauyensu, inda yawancin bayani da Hausa ake yi masa. Ranar da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare sai ya tarar littafin lissafi da na kimiyya duk da Turanci suke, jarrabawar BECE da ke jiransa a ƙarshen aji uku ma haka. Sau da yawa yaron da aka ce ya faɗi lissafi, tambayar ce bai gane ba. Shi ya sa raunin malamin Turanci guda ɗaya yake bayyana a sakamakon kowane darasi.

Takardar NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara uku, ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a shiga aji da ita. To amma manhajar da hukumar NERDC ta tsara tana neman mutum ɗaya ya koyar da karatu da auna fahimta, da sauraro da furuci, da nahawu, da rubutun insha'i, da adabi, a ajin da wani lokaci sai malami ya tsallake ƙafafun yara kafin ya kai ga allo. Kowace wuƙa in ana yanka da ita kullum ba wasawa, dakushewa take yi.

Wasawar da ta fi amfani a nan ita ce malami ya san inda Hausa da Turanci suka saɓa, domin kurakuran yaro Bahaushe suna da tushe. Hausa ba ta bambanta "p" da "f", don haka "pan" da "fan" ɗaya yaron yake jin su, "v" kuma takan koma "b". Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali a tsakaninsu, abin da ya mai da "bread" burodi, ya mai da "primary" firamare, kuma yaro zai yi wa kowace sabuwar kalma irin wannan ciko. Wasulan Hausa biyar ne, kowanne da gajere da dogo, na Turancin Ingila kuwa sun kai ashirin. A nahawu, Hausa tana ɗora lokaci a kan wakilin suna: na tafi, zan tafi, aikatau yana nan yadda yake. Turanci kuwa aikatau ɗin yake juyawa, "go" ya koma "went". Mota mace ce a Hausa, sai yaro ya kira ta "she". Malamin da ya san wannan zai hango kuskure tun kafin a yi shi, ya shirya masa atisaye na minti biyar. Wanda bai sani ba sai ya yi ta zuba jan biro yana cewa yaran daƙiƙai ne.

Hanyoyin ƙaro ilimi akwai su. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, an kafa ta a 1976 don malami ya yi karatu daga nesa bai bar aikinsa ba. Hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta samar, ita ke yi wa malamai rajista, kuma tana ɗaukar ci gaba da neman horo a matsayin wajibi. Hukumar UBEC tana ware wani kaso na kuɗinta don bitar malamai. Katsina na cikin jihohin da shirin TDP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya yi aiki daga 2013 zuwa 2019, inda malamai suka riƙa kallon bidiyon darasi a waya suna haɗuwa rukuni-rukuni. Inda gizo ke saƙar shi ne irin bitar nan ta kwana uku a lokacin hutu: a zaɓi mutum biyu, a yi musu lacca, a ba su alawus da takardar halarta, a watse. Ranar Litinin malam ya koma ajinsa, babu mai zuwa ya ga ko wani abu ya sauya.

Dutsin-Ma kuwa tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan tsohon ministan ilimi na Jihar Arewa, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, Kurfi kuma tana kan hanyar da ta taso daga Katsina zuwa Dutsin-Ma. Idan malamin Turanci a wannan yanki ya shekara goma bai zauna da wanda ya fi shi sani ba, an yi ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Malaman kwalejin dama suna shiga makarantu duba ɗalibansu masu gwajin koyarwa. Ƙara awa ɗaya su zauna da malaman dindindin ba zai ci wani kuɗi ba.

Ko babu su ma, malaman makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna za su iya haɗuwa sau ɗaya a wata. Ɗaya ya koyar da darasi a gaban yara na gaske, sauran su zauna baya su lura da inda yaran suka ɓace, sannan a tattauna, a gyara darasin, wani ya sake gwada shi a makarantarsa. Malaman Japan sun fi shekara ɗari suna wannan. Inda matsalar tsaro ta sa tafiya wuya, sai a ɗauki darasin a waya a tura zauren WhatsApp, kowa ya faɗi ra'ayinsa da saƙon murya.

Kayan aiki ma ba duka ke neman kuɗi ba. Shafin TeachingEnglish na British Council yana da tsare-tsaren darasi kyauta. African Storybook yana da gajerun labarai da Turanci da Hausa, waɗanda za a sauke lokacin da intanet ta yi kyau a ajiye. Ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ya isa ya warware gardamar ma'ana a ofishin malamai. Tsohuwar jarida da kwalin magani da rubutun jikin buhun taki duk abin karantawa ne, kuma Turanci ne da yaro zai ci karo da shi a kasuwa.

Sauran aiki yana wuyan shugabannin makarantu da iyaye. Shugaba ya daina ɗaukar Turanci a matsayin darasin da za a miƙa wa duk wanda ya rage, ko ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan shekara, ya kuma sanya ranar haɗuwar malamai cikin jadawali. Ƙungiyar iyaye da malamai ta saya wa kowane aji ɗan akwatin littattafai. Uba kuma in ya je makaranta karɓar sakamako, bayan ya tambayi na nawa ɗansa ya zo, ya ƙara da tambayar yaushe rabon malamin Turancin yaron da samun wanda zai zauna a ajinsa ya gyara masa.