Maganaɗisu da Lantarki: Tushensu Ɗaya

Kalmar maganaɗisu daga Larabci Hausa ta aro ta, Larabci kuwa daga harshen Girkawa. Bahaushe kuma ya raɗa masa suna mayen ƙarfe, saboda yana jan ƙarfe tun bai taɓa shi ba. A da masana sun ɗauka wannan ƙarfi daban yake da na lantarki, sai a shekarar 1820 Oersted, mutumin Denmark, ya lura cewa allurar kamfas takan karkata idan wuta ta bi wayar da ke kusa da ita. A 1831 Faraday na Ingila ya nuna cewa motsa maganaɗisu cikin naɗin waya yakan haifar da wuta. Bisa wannan ƙa'ida injinan madatsar Kainji suke samar da lantarki.