KAYAN SALLAR YARA: WAI DON WA MUKE SAYE?

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, har da ku 'yan makaranta da na san kuna ɓoye mujallar nan a tsakiyar littafin lissafi kuna karantawa. Yau dai ku yi haƙuri, ba zancen soyayya na zo muku da shi ba. Zance ne da yake hana uwa barci tun daga tsakiyar Sha'aban har daren jajibere, wato kayan Sallar yara. Kada wata ta ce ni da ban yi aure ba ina ruwana. Ke za a aika Kwari, ke za ki ja ƙannenki zuwa wajen tela, ke za a damƙa wa hannunsu ranar Sallah, kuma in Allah ya so kwana nawa ne ke ma kin zama uwar.

Da unguwarmu Hotoro zan yi misali, don ita na fi sani, kuma ita ce irin unguwar da wannan ciwo ya fi kamawa. Duk wadda ta biyo titin Maiduguri ta san Hotoro fuska biyu gare ta. Ga ɓangaren manyan gidaje masu dogon gini da maigadi a bakin get, ga kuma lungunan Tsamiyar Boka da Ɗan Marke da wajen Depo, inda gidajen haya suke, ciki da falo, magidanta uku ko huɗu a tsakar gida ɗaya. Iyaye ba sa haɗuwa sosai, amma yaran fa? Islamiyya ɗaya, tabarma ɗaya. Can ne yarinya 'yar shekara shida take jin an ɗinka wa wance kala biyar, ta dawo gida tun ba ta cire hijabi ba ta ce, "Umma, ni kala nawa za a yi min?" Daga wannan tambayar ce wata uwar take rasa sukuni, alhali ita yarinyar ko awa ɗaya ba za a yi ba ta manta ta koma wasan 'yartsanarta.

Ki dubi yadda ranar uwar ƙananan yara take tafiya cikin azumi. Ta tashi tun kafin asuba ta ɗumama sahur, kafin ta ɗan runtsa na goye ya farka. Ta yi wa uku wanka, wannan ya ɓatar da safa, wancan ya ce shi ba zai sha koko ba sai shayi, ta tura su makaranta. Ga wanki, ga jiran mai garuwa, ga kai niƙan ƙosai, ga abincin rana dole ta ɗora tunda su yara ba ruwansu da azumi, sai dai irin nasu na rabin yini da ake buɗe baki da azahar. A cikin wannan hidima ne za ta tsakuro yini guda na shiga kasuwa, da goyo a baya. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar mutane a Kano a watan Janairun 2013, sai ta tsaya bakin titi jiran A Daidaita Sahu. Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da take ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota daga Hotoro zuwa cikin gari ya zama abin da ake sakawa a lissafi. Mafi ƙarancin albashi kuwa sai a watan Yulin 2024 aka kai shi naira 70,000. Ke da kanki ki raba wannan tsakanin abinci da haya da kayan Sallar yara huɗu, ki gani ko Abbansu mugunta yake yi in ya ce kala ɗaya zai iya.

To an isa Kantin Kwari. Ke dai bari! A goman ƙarshe na azumi ko tsinke kika jefa ba zai taɓa ƙasa ba. Baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru, masu ɗaukar kaya suna ta "hanya, hanya", yaran shago suna jan mayafinki, "Hajiya ga sabon yayi, Hajiya shigo ki gani." Yawancin atamfar da ke jibge a rumfunan nan yanzu daga Chana take zuwa, tunda masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa da iyayenmu suke ba da labari galibinsu sun daɗe da rufewa. Akwai mai kyau a ciki, akwai kuma wadda wankin farko za ta bar miki kalarta a cikin bokiti. Ki murza bakin zanen a hannunki, in ƙarfinsa duk sitaci ne za ki ji. Turmi yadi shida ne, kuma turmi ɗaya yana fitar da rigunan ƙananan 'yan mata biyu, wani lokaci har da ɗankwali, in tela mai tsoron Allah ne.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne uwar da za ta tsallake duk wannan ta ce sai shadda Getzner, wadda ake kawowa daga ƙasar Ostiriya, za a yanka wa yaro ɗan shekara huɗu. Haba Hajiya! Yaron da kafin a sauko daga Idi ya durƙusa a ƙasa yana haƙa rami, kafin azahar ya goge hannun miyar taushe a gaban rigar, kafin Babbar Sallah kuma, wata biyu da kwana goma kacal, hannun rigar ya ɗage masa. Shi bai san Getzner ba, sabo kawai ya sani. Gaskiyar magana, wannan shaddar ba shi aka saya wa ba, dangin miji da matar maƙwabci aka saya wa, shi dai an ba shi ya riƙe musu ne a jikinsa.

Ku lura da abin da yaro yake kwana da shi a ƙarƙashin matashi ranar jajibere. Tabarau na roba mai launin ja, agogon da allurarsa ba ta motsi, 'yar jakar hannu da za a zuba kuɗin barka da Sallah, awarwaro da ɗankunne, sai takalmi. Takalmin nan shi ne sarki. Ba a zuwa da yara kasuwa a irin wannan cunkoso, don haka iyayenmu suka koya mana dabarar tsinken tsintsiya: a taka shi a karya daidai tsawon ƙafa, kowane yaro da nasa tsinken, a ƙara ɗan yatsa guda saboda girma. Kada dai a wuce gona da iri a sayo wanda sai an cusa takarda a ciki, yarinya ta yini tana jan ƙafa, ta dawo da kanta da kuka. A kasuwar Sabon Gari ake samun irin waɗannan tarkace da rigunan kanti, a Ƙofar Wambai kuma ga takalma ga gwanjo. Ni ban ga abin kunya a gwanjo ba. Riga mai kyau in an wanke ta an goge, an haɗa ta da sabon takalmi, wa zai tare yaro a hanya ya tambaye shi rasit?

Sai maganar tela, wadda ita ce ta fi sa yara kuka fiye da rashin kuɗi. Kowa ya san telan Sallah. Ki kai ɗinki ya karɓa da fara'a ya ce, "Hajiya jibi-jibin nan ki aiko." Ki aika, ya ce babu wuta. Ki sake aikawa, ya ce yana wajen mai surfani. Daren Sallah ki tarar da mata cike da ƙofar shagonsa har ƙarfe biyu, janareto yana ta ƙara, yadinki kuwa yana nan a ninke yadda kika kawo shi. Ba duka laifinsa ba ne, mutum ɗaya da keke ɗaya ya karɓi aikin mutum biyar saboda shi ma a watan nan yake samun na shekara. Amma yaro bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne gari ya waye, sa'o'insa sun fito fes suna ƙamshin sabon kaya, shi yana laɓe a bayan ƙyaure. Atamfa mai araha da ta shiga hannun tela tun Sha'aban ta fi leshi mai tsada da aka kai ranar ashirin da biyar ga azumi, in dai farin cikin yaron ake nema.

Yanzu bari in zo inda ya fi damuna. A gidajenmu ba 'ya'yan cikinki kaɗai ne yara ba. Akwai 'ya'yan abokiyar zama, akwai ɗan mijin da uwarsa ta fita, akwai 'yar riƙo da aka kawo daga ƙauye, akwai 'yar aiki, akwai almajirin gida da yake miki cefane da zubar da shara shekara guda cur. Wata 'yar riƙo a layinmu, ba za ta wuce shekara tara ba, ita ta raka uwar ɗakinta Kwari, ita ta ɗauko ledar kayan a kai har gida, ita ta yi ta zarya wajen tela. Ranar Sallah 'ya'yan gidan uku suka fito cikin anko iri ɗaya, ita kuma aka ba ta kwancen babbar, wanda duk layin sun san rigar. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙi fitowa ƙofar gida har magariba. Da wata dattijuwa ta yi wa matar gidan magana sai cewa ta yi, "Wallahi Baba mantawa na yi, kuɗin ne bai kai ba." Kuɗin da ya kai kala bibbiyu ga mutum uku, shi ne bai kai kala ɗaya ga mutum na huɗu ba.

Malamanmu na Islamiyya sun sha karanta mana labarin sahabi Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, ya je neman Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zama shaida. Da aka tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta ya ce a'a, sai Annabi ya ƙi shaidar, ya umarce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. Yana cikin Buhari da Muslim. Maigida mai mata biyu, in ka sayo, ka sayo iri ɗaya, ka raba a gaban kowa. Yara suna mance kalar rigar da aka yi musu suna shekara bakwai, amma ki tambayi duk wata babbar mace, in an taɓa ware ta ranar Sallah za ta faɗa miki shekarar da wanda ya yi mata. Rabin gabar 'yan uba da muke rubutawa a littattafanmu daga irin wannan ledar kayan take farawa.

Bashi ma haka. Dillaliya za ta shigo har ɗaka da kaya a ƙullin zani, ta ce ɗauki kawai, bayan Sallah kya biya. Daɗin ɗauka gare shi. Sati biyu da Sallah makaranta ta koro yara saboda kuɗin zango, dillaliya kuma ta zo ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, maigida bai ma san da zancen ba. Aure nawa irin wannan ya girgiza? Matan da na ga sun huta su ne masu zubin adashi tun bayan Babbar Sallah, su karɓi kwasarsu a Rajab, su shiga kasuwa tun kaya ba su tashi ba. Kuma kafin a kai ga tabarau da agogo, a tuna zakkar fidda kai tana kan kowane rai a gidan har jariri, mudu huɗu na mudun Annabi, a fitar kafin a tafi Idi.

Abu biyu nake roƙon a bar su a kasuwa. Na farko bindigar roba mai harsashi, wadda ƙwayarta ɗaya ta isa ta lalata idon yaro, da abin fashewar nan da yara suke kunnawa a lungu, wanda 'yan sanda suke ta gargaɗi a kansa lokutan bukukuwa. Na biyu baƙin lallen zamani da ake haɗawa da maganin rina gashi. Fatar yarinya ba irin ta babba ba ce, wata hannun yakan kumbura ya yi ƙuraje daidai zanen furen, tabon ya daɗe bai ɓace ba. Jan lallenmu na gargajiya me ya yi?

Ku kuma 'yan mata, ga naku. Yawon Sallah a hannunku yake, ko gidan Kaka ne a cikin gari, ko Gidan Zu, ko kallon hawa a shekarar da aka yi shi, tunda a 2020 cutar korona ta hana, a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 kuma 'yan sanda suka dakatar saboda tsaro. A irin wannan turmutsutsu ne yara suke ɓata, sau da yawa a daidai lokacin da Yaya ta tsaya gaisawa da wani. Kun dai gane. Ki ƙirga su kafin ku hau mota, ki ƙirga bayan kun sauka, wanda bai iya faɗin sunan unguwarsu ba a rubuta lambar wayar Abbansa a takarda a saka masa a aljihu, kuma kowa ya dawo gida kafin magariba.

In sun dawo kuma sun zazzage jakunkunansu a kan tabarma suna ƙirga barka da Sallah, Umma don Allah a rage "kawo in ajiye maka". Akwai wani yaro a gidanmu da har yau yake bin uwarsa kuɗin Sallah uku, kuma ya ce bana a cikin safa zai zuba nasa.