SANNU BA TA HANA ZUWA: ABIN KOYI DAGA TARIHIN GININ ABUJA

Daga Wakilinmu a Abuja

Duk wanda ya taɓa ƙulla niyyar wani abin kirki ya san yadda sha'anin yake. Wani ya fara gini, kuɗi suka yanke masa a daidai linta. Wani ya shiga makarantar dare, ciwo ya kwantar da shi wata biyu, da ya warke sai kunyar komawa ta kama shi. Wata ta shiga adashi, hidimar biki ta cinye zubin. Wani kuma ya ɗauki haddar Alƙur'ani, fatauci ya raba shi da allo. Yawanci daga nan sai mutum ya ce ai an riga an yi ɓari, ya naɗe hannu. To, ga irin waɗannan bayin Allah akwai abin dubawa a tarihin babban birnin ƙasar nan, domin kuwa Abuja kanta sai da ta sha faɗi-tashi na kusan shekara 16 kafin ta tabbata.

A watan Agusta na 1975 ne Gwamnatin Mulkin Soja ta marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar Tarayya, ganin irin cunkoson da ya yi mata yawa. Kwamitin ya ba da shawarar a koma tsakiyar ƙasa. Ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, Janar Murtala ya sanar da jama'a cewa an amince, aka kuma kafa Doka ta 6, wadda ta yanki filin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Kwana goma kacal bayan haka, ran 13 ga wata, aka yi masa kisan gilla a Ikko. Wato tun ba a kafa tubali ko ɗaya ba aikin ya zama maraya.

TUNTUƁE BAYAN TUNTUƁE

Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ba ta yar da maganar ba. A 1979 aka kammala taswirar birnin, aka kuma tsai da 1986 a matsayin shekarar ƙaura. Da marigayi Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki sai ya ɗauki abin da zafi, ya nemi a gaggauta, har ma ya kai bikin cikar Nijeriya shekara 22 da samun mulkin kai Abuja, ran 1 ga watan Oktoba, 1982, alhali yawancin garin daji ne da ƙura.

Amma fa a lokacin kasuwar man fetur ta riga ta karye a duniya. A cikin shekarar ce gwamnati ta fito da dokar tsuke bakin aljihu, 'yan kwangila da dama suka kwashe kayan aikinsu, ga kuma zargin almubazzaranci da ya dabaibaye kwangilolin. Ran 31 ga watan Disamba, 1983, soja suka kifar da gwamnatin, kuma a Abuja ɗin ne juyin mulkin ya riski Shugaba Shagari. Shekarar 1986 ta zo ta wuce, Shugaban Ƙasa yana Ikko. Masu shaguɓe suka riƙa cewa an binne dukiyar jama'a a dawa.

ABIN DA YA CECI AIKIN

Idan aka dubi al'amarin da idon basira, za a ga abubuwa uku ne suka hana wannan buri mutuwa.

Na farko, niyyar a rubuce take. Akwai doka, akwai taswira, akwai kuma Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya wadda aikinta ke nan ba wani ba. Saboda haka duk gwamnatin da ta zo ba ta da bukatar komawa farko, sai dai ta ɗora daga inda aka tsaya.

Na biyu, an kasa aikin mataki-mataki. Ba a ce sai an gama birnin ɗungurungum za a shiga ba. An mai da hankali ga matakin farko, wato tsakiyar birni da Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Ko a shekarun da aljihun gwamnati ya bushe, tafiyar ta ragu ne, ba ta tsaya cik ba. A zamanin Janar Ibrahim Babangida aka riƙa kwaso ma'aikatu daga Ikko kaɗan-kaɗan, ma'aikata suna ta gunaguni amma suna zuwa.

Na uku, an sa rana. Bayan yunƙurin juyin mulki na ran 22 ga watan Afrilu, 1990, wanda aka kai wa Barikin Dodan hari a cikinsa, gwamnati ta ƙara azama. A watan Yuni na 1991 Abuja ta karɓi baƙuncin taron shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, abin da ya tilasta aka gama gine-gine da hanyoyi da dama a kan kari. Ran 12 ga watan Disamba, 1991, Shugaban Ƙasa ya tare a Abuja. An makara da shekara biyar, amma an iso. Dama Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

ILLAR TSAYAWA CIK

Har ila yau a cikin birnin akwai misalin da ke nuna ɗaya gefen. An ba da kwangilar jirgin ƙasa na cikin gari a 2007, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yuli na 2018. Da annobar korona ta ɓarke a 2020 sai aka dakatar da shi baki ɗaya. Annoba ta lafa, jirgi bai tashi ba. Ɓarayi suka yi wa kayan layin ta'adi, sai da aka sake zuba kuɗin gyara kafin Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi ran 29 ga watan Mayu, 2024. Dalilin tsayawar ya wuce tun tuni, amma tsayawar ta ɗauki shekara huɗu. Haka abin yake ga ɗan Adam: ciwo na wata biyu ne, barin makaranta kuwa yakan zama na har abada, kuma kangon da aka bari damina uku ba a samunsa yadda aka bar shi.

Saboda haka mai ginin da kuɗi suka yanke masa, gara ya riƙa sayen bulo goma a wata da ya zauna jiran ranar da zai sami na rufi gaba ɗaya. Mai hadda ya riƙe ko da aya biyar bayan asuba. Mai adashi ta nemi ƙaramin zubi daidai ƙarfinta. Kowa ya rubuta abin da ya nufa, ya sa ranar komawa, ya kuma faɗa wa wanda yake jin nauyinsa, don ya zame masa shaida.

Ko sunan birnin ma daga irin wannan tarihi ya fito. Bayan da jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, jama'arsa sun yi shekaru ba su da mazauni tsayayye, har ƙanensa Abu Ja ya kafa musu gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Garin ne yanzu ake ce wa Suleja, bayan ya ba sabon birni sunan. Mutanen da suka rasa gari suka kafa wani, yau sunansa ne a kan hedkwatar ƙasa. Allah ya ba mu ikon tashi duk lokacin da muka yi tuntuɓe, amin.