Bayani a Kan Riƙon Bindiga Don Kare Kai: Doguwa ko Gajera

Wannan bayani ne zuwa ga malamai da 'yan kasuwa, a kan wata mas'ala da ake yawan tayarwa a zaurukan Kabara, unguwar Malam Umaru Kabara da ke maƙwabtaka da gidan Sarki. Tun sa'ad da hanyoyi suka ɓaci, aka shiga tare matafiya a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, mai fita da dukiya yakan tambaya: in mutum zai riƙe bindiga don kare kansa, wacce ta fi, doguwa mai dafawa a kafaɗa ko gajera mai shiga aljihu?

Ka sani, ya kai mai karatu, kowacce da halinta. Doguwa ta fi saiti, domin kafaɗa da hannu biyu suna riƙe da ita, kuma albarushi yana gama cinyewa kafin harsashi ya fita. Amma tana da nauyi, ba ta juyuwa a lungu ko a soro, ba ta kuma ɓoyuwa. Gajera kuwa tana da sauƙin ɗauka, sai dai ƙararta da walƙiyarta sun fi yawa, hannun mai tsoro kuma rawa yake yi. A ƙasar Amurka gardama ce babba tsakanin iri biyu masu kama da juna: bindigar kafaɗa wadda aka gajarta bakinta bai kai inci 16 ba, da ƙaramar bindiga da aka ƙera bisa siffarta amma ba ta da madafar kafaɗa. Dokarsu ta 1934 ta ɗora wa ta farkon rajista da harajin dala 200, har majalisarsu ta ɗauke harajin a 2025, ta bar rajistar.

To, a nan Kano hukuma ta riga ta yanke rabin gardamar. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda ta soma aiki a 1959, ta kasa su kashi uku. Na farko haramtattu, watau bindigogin soja da masu aman wuta da libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu. Waɗannan ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Na biyu bindigogin farauta na zamani, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigar toka wadda ake ɗurawa ta baki, ita ce Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi. Dubi hikimar abin: gajerar da ɗan kasuwa ke sha'awa don tana ɓuya a ƙarƙashin babbar riga, saboda wannan ɓuyar ne aka fi tsananta mata. Wata doka ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba lasisi. Ko da gwamnatin Zamfara ta ce wa mutanenta su nemi bindiga a 2022, ikon ba da lasisin ba a hannunta yake ba, kuma a 2023 Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da bayarwa.

Fataken dā da ke zuwa Gwanja sayen goro su ma sun san tsoron hanya. Suna tafe da kwari da baka da takobi da māsu, da 'yan bindigogin toka. Amma abin da ya fi tsare ayari shi ne tsarinsa. Madugu yana shugabanci, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan fito da kuɗin hanya, ba a sauka sai a zango sananne, ba a tashi sai an ji labarin abin da ke gaba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Game da shari'a kuwa, malaman Malikiyya sun halatta wa mutum ya tunkuɗe wanda ya afka wa ransa ko iyalinsa ko dukiyarsa, hadisi kuma ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa. Amma Mukhtasar na Shehu Halilu ya sa sharuɗɗa. A fara gargaɗi in maharin mai fahimta ne. Kada a nufi kisa sai an san ba abin da zai tunkuɗe shi sai shi. Wanda kuma ke da ikon kaucewa ba tare da wahala ba, ba a ba shi damar yin rauni ba. Har wa yau an hana nuna wa ɗan'uwa makami ko da wasa, an umurci mai ratsa kasuwa da kibau ya kame tsininsu. To, yaya harsashi a cikin birni, inda katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, almajirai kuma suna kwance a soro? Kisan kuskure diyyarsa dinari 1,000 ce a wurin ma'abota zinariya, ga kaffarar azumin wata biyu a jere.

Akwai kuma abin da ya auku a Uromi ta jihar Edo cikin watan Maris na 2025. Mafarauta ne 'yan ƙasar Kano suka taso daga Fatakwal za su gida yin Salla. 'Yan banga suka tsai da motarsu, suka ga bindigogin toka, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Makamin da ke abin sana'arsu shi aka mayar hujja a kansu, alhali ba su harbi kowa ba. Wannan abin lura ne ga duk mai tafiya nesa da garinsu.

Saboda haka abin da ya kamaci ɗan kasuwa shi ne ya gabatar da tambayoyi uku kafin ya kai ga tsawon baki. Shin hukuma ta ba shi izini a rubuce? Shin ya koyi sarrafa ta, yana kuma da wurin kulle ta inda yaro ba ya kaiwa? Shin yana mallakar zuciyarsa in ya yi fushi? In ɗaya ta faɗi, barinta ya fi. Sai ya koma ga dabarar madugu: ya tura kuɗinsa ta banki maimakon ɗaukar su a jaka, ya bar tafiyar dare, ya shiga cikin ayari, ya ɓoye ranar tashinsa, ya haɗa kai da mai unguwa da maƙwabta a kan tsaron lungunsu. Wanda kuwa sharuɗɗan suka cika masa, doguwar da doka ta sani ita ce tasa, gajera ba rabonsa ba ce.

Allah Ya tsare matafiya, Ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya. Allah Shi ne Mafi sani. Tamat.